Saniyar da Ta Yi Kiwo a Gonar Kanumfari

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, kuma ko na so in manta, dangin matata ba za su bari ba. Har yau in na shiga unguwar Fulɓere a nan Garwa, sai wani ya yi gyaran murya ya tambaye ni ko kanumfari ya yi tsada a kasuwa. Ni kuwa sai in yi murmushin yaƙe in wuce, don na san abin da na shuka.

Bari in ɗauko zancen daga tushe. Ni Bahaushe ne ɗan unguwar Yelwa. Kakana ya zo daga Kano da fataucin goro da atamfa, ya ga kogin Binuwai ya ce nan ya yi masa, mu kuma muka gaji shagon yadi da surutu. Matata Dija Bafulatana ce gaba da baya, 'yar Baba Hamajoda, dattijo dogo siriri mai ƙarancin magana, wanda gidansa ke cikin gari amma zuciyarsa na ruga can bayan Pitowa inda shanunsa suke. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba. Amma kuma bai taɓa aike na ko sayen ashana ba. A gidansu kuwa, in dattijo ya yarda da kai, aikenka yake yi. Sauran surukansa kullum suna kan hanya, wannan ya kai wa shanu gishiri, wancan ya raka shi asibiti. Ni tsakanina da shi sai gaisuwa. Ya ce "Jam na?" in ce "Jam," shi ke nan zance ya ƙare. Abin yana ci mini rai ƙwarai, ko da yake a fuska ina nuna ko a jikina.

Bakina ne ya jawo mini, ba kowa ba.

Akwai wata gaskiya da na daɗe ina ɓoyewa: cikina ba ya shiri da madarar shanu. In na sha kofi guda, ciki ya ɗauki ƙugi ke nan, in yini ina sintiri tsakanin shago da bayan gida. Wani zuwa da na yi Yawunde sarin kaya na ga likita, ya ce wannan ba cuta ba ce, mutane da yawa haka suke, in rage madara in gwada ta waken suya. Iyakar abin da bawan Allah ya ce ke nan. To amma ta yaya mijin Bafulatana zai tashi a gaban jama'a ya ce nono yana sa shi gudawa? Sai na mai da lalura ta koma aƙida. Na dawo Garwa da injin markaɗe a jaka da wa'azi a baki.

Na karanta abu biyu zuwa uku a waya, na zama shehin madara. Duk wanda ya shigo shago sayen shadda sai ya fita da darasi: waken suya na gina jiki kamar madarar shanu, ba shi da maiƙon da ke nauyaya mutum, ba ya buƙatar makiyayi, ba ya shiga gonar kowa balle a yi rigima. Na jera musu kunun aya, na jera na gyaɗa, na kawo har madarar shinkafa wadda ni kaina ban taɓa gani ba. (Abin da ban taɓa faɗa a wa'azin ba shi ne, waken suya ba ya ba da man shanu, kuma na taɓa dama fura da shi a ɓoye, sai da na nemi gafarar furar.) Na koyi jiƙa wake, in murje ɓawon, in markaɗa, in tace da ƙyallen yadi mafi laushi a shagonmu, in tafasa. Don kashe ƙarnin waken, nakan jefa kanumfari da 'yan ƙwayoyin dabino. Daga nan sai hoto, in ɗora a waya kowa ya gani.

Babbar da'awata ita ce wannan: in aka rufe wa mutum ido, ko Bafulatanin daji ba zai bambance tawa da ta saniya ba.

Dija ta ce, "Don girman Allah kada ka faɗi wannan a gaban Baba."

Ba ta san na riga na faɗa ba, ranar Sallah, a zaurensa, bakina cike da naman ragonsa. Ya dube ni na ɗan lokaci ya ce, "To." Ni a lokacin na ɗauka hujja ce ta ɗaure shi.

Ana nan Dija ta tafi gidansu goyon ciki, Allah ya sauke ta lafiya, aka samu namiji. A gidan Baba Hamajoda akwai al'adar da ba a wasa da ita. Ranar suna, kafin wanzami ya ɗora aska a kan jariri, da madarar da aka tatso da safiyar ranar ake jiƙa gashin. Kuma ba madarar kowace saniya ba, sai ta zuriyar saniyar da aka ba uwar jaririn ranar nata sunan. Abin da ya rage a juye a ƙwarya a zagaya da ita, kowane dattijo ya kurɓa ya yi wa yaro addu'a. Wanda zai ɗauko madarar daga ruga kuwa, sai wanda maigida ya amince da shi.

Ana gobe suna Baba ya sa aka kira ni zaure. Na durƙusa. Ya jawo wata 'yar farar jarka ya tura gabana.

Ya ce, "Gobe bayan asuba ka je ruga. Za su tatsar maka jar saniyar Dija. Ka kawo kai tsaye."

Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Aike! Ni! Daga baya na ji ashe Dija ce ta roƙa mini, ta bakin Goggo Nenne, yayar mahaifinta wadda ke kula da ita a jego. Cewa ta yi a ba mijinta dama ko sau ɗaya, ita ta tsaya masa.

Da sassafe na hau babur na kama hanyar Pitowa. Na iske an ɗaure maraƙi ana jira na. A gabana aka tatsi jar saniyar, madara na zuba a ƙwarya tana kumfa, aka cika mini jarka har ina jin ɗuminta a tafin hannuna. Na ɗaure ta a bayan babur da roba, na sake ɗaurewa, na juyo ina tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Har na shigo gari ko ɗigo bai zuba ba.

Sai Shaiɗan ya tuna mini cewa hanyar Fulɓere ta bi ta kusa da gidana.

Na ce a raina, yaushe zan sake samun madarar ruga ta gaskiya, mai ɗumi, in ajiye ta kusa da tawa in ɗauki hoto? Kofi biyu, farare tas, in rubuta a ƙasa: wa zai iya bambancewa? Ai wannan hoton kaɗai ya isa ya rufe bakin duk masu yi mini dariya a kasuwa. Abu ne na ɗan lokaci kaɗan. "Kai tsaye" da Baba ya ce, na fassara wa kaina cewa ai kan hanya ne.

Na shiga gida, na ɗauko tawa daga firji, wadda na haɗa jiya saboda baƙi. Na jera kofunan gilashi biyu a kan dakali, na zuba tawa a ɗaya, na tsiyayi rabin kofi daga jarka a ɗayan, na ajiye jarkar a ƙasa ban rufe ba. Na ɗaga waya. Haske bai yi ba. Na ja da baya. Inuwar bishiyar dogon yaro ta shiga hoton. Na ƙara ja da baya. Sai na ji dunduniyata ta taɓa wani abu, abin ya yi "ɓul-ɓul-ɓul."

Wanda ya san yashin Garwa ya san ba ya mayar da abin da aka ba shi. Kafin in juya in ɗaga jarkar, madarar jar saniya ta zama wani danshi a tsakar gida, kiyashi har sun fara taruwa. Na tsaya riƙe da jarka ba komai ciki, ina salati. In koma ruga? An saki shanu kiwo, maraƙi ya shanye sauran. Waya ta fara ruri, Goggo Nenne ce: "Kana ina? Wanzami ya iso, liman na hanya."

Na ce, "Ga ni nan, Goggo, na kusa."

Na dubi rabin kofin da ya tsira. Na dubi tukunyar waken suya. A nan ne wa'azina ya dawo ya ci ni, don duk Garwa ba wanda ya gaskata shi sai ni. Na juye rabin kofin a jarka (don in an tambaye ni ko madarar saniyar na ciki, in rantse ban yi kaffara ba), na cike sauran da tawa, na ɗan ɗumama a wuta, na girgiza ta yi kumfa. Na shinshina, ban ji komai ba. Mutumin da ya yi wata da watanni yana shan kanumfari ba ya jin ƙanshin kanumfari, amma wannan ilimin daga baya na same shi.

A ƙofar cikin gida na miƙa wa Goggo Nenne jarka da hannu biyu. Ta buɗe murfin. Ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni tun daga hula har takalmi, sannan ta ce, "Useko," wato na gode, ta shige ciki.

Maza muna ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, tabarmi cike, dangina na Yelwa a gefe guda da mahaifina a gaba, Fulani a ɗaya gefen. Liman ya raɗa suna, Abubakar, aka yanka rago, aka shafa fatiha. Ni dai idona na kan ƙofar cikin gida. Can sai ga ƙwarya an fito da ita, sabuwa, an rufe da faifai.

Baba Hamajoda aka fara miƙa wa. Ya ɗaga faifan, ya kai ƙwaryar kusa da baki, ya dakata. Ya lumshe ido. Na ce a raina yau kashina ya bushe. Sai ya kurɓa, ya haɗiye, ya yi addu'a, ya miƙa wa ƙaninsa Alhaji Bakari. Shi kuma ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya goge gemu ya ce, "Kai, saniyar nan ta samu kiwo bana. Har ƙanshi nononta yake yi."

Dattawa suka gyaɗa kai suna cewa, "Goonga, goonga," wato gaskiya ne. Ƙwarya ta zagaya su kaf, kowa ya sha ya yi addu'a, ba wanda ya ko yamutsa fuska.

A nan ya kamata in gode wa Allah in kama bakina har kabari. Mai hankali haka zai yi. Amma ni, tsoron da ya cika mini ciki sai ya fara narkewa yana komawa wani abu daban. Na dubi waɗannan dattawa, mutanen da aka yaye su da madara, sun sha waken suyana, har suna yabawa! Abin da na daɗe ina faɗa ana yi mini dariya, ga shi ya tabbata a gaban shaidu. Na ci shinkafa ina murmushi ni kaɗai. Na so in haɗiye maganar tare da shinkafar, ta ƙi wucewa.

Sai abokina Sale, maƙwabcin shagona, ya ɗaga murya daga bayan rumfa ya ce, "Malam na waken suya, yau dai ka ga madara ta gaskiya. Ko za ka ce taka ta kai wannan?"

Aka yi dariya. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Na ce, "Jama'a, Baba, ku gafarce ni, amma gaskiya ɗaya ce. Wannan da kuka sha yanzu kuka yaba, har Alhaji ya ce tana ƙanshi, ba ta saniya ba ce. Waken suya ne, ni na haɗa da hannuna! Ga manyan Fulani zaune, ba wanda ya gane. Voilà, kun dai gani!"

Har da buɗe hannuwa na yi, ina jiran a yi shewa.

Ba wanda ya yi motsi. Mai rabon goro ya tsaya da hannunsa a cikin faranti. Sale ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin tabarma. Mahaifina ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe fuska. Daga cikin gida guɗar mata ta ɗauke, ashe muryata ta kai can. Ni kuwa ina tsaye da hannuwa a buɗe, na rasa yadda ake mayar da su.

Baba Hamajoda ya ce, "Ɗana, zauna."

Na zauna.

Ya yi magana a hankali, da Hausa, don kada wani ya ce bai ji ba. Ya ce, "Tun ƙwaryar ba ta iso hannuna ba na ji. Tun ina yaro nake bin shanu, ban taɓa ganin wadda ta yi kiwo a gonar kanumfari ba. Muka ce wataƙila wani abu ya same ka a hanya, kunya ta hana ka faɗa. Yau ranar farin cikinka ce, ga mahaifinka zaune a cikin mutane. Sai muka sha." Ya gyara carbinsa. "Mu mun rufa maka. Kai ka yaye."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Wannan shi ne abin da suke kira pulaaku, kawaici da kunyar Fulani, wanda na sha ji a bakin Dija ina ɗauka labari ne. Dattawa sun haɗiye ruwan wake da bismillah don kada su kunyata ni, ni kuma na tashi na yi musu shelar cewa na ci su da wayo.

Abin da ya fi wannan zafi yana jira na a ɗaki. Da yamma, bayan baƙi sun ragu, na shiga wurin Dija. Tana zaune da yaro a cinya, kansa a aske tas, idanunta sun kumbura. Na kasa kallonta. Da ƙyar na tambaya, "Da me aka yi askin?"

Ta ce, "Da Goggo ta shinshina jarkar, sai ta rufe ƙofa ta miƙo mini ƙaramar ƙwarya. Ta ce saniyata ba ta zo ba, amma ni ina nan. Nonona na tatsa." Ta share ido. "Ni na tsaya maka a wurin Baba, ka sani?"

Na ba ta labarin komai, hoto da dunduniya da yashi, har da rabin kofin da ya tsira. Sai ta ɗago kai da sauri.

"Rabin kofi ya rage?"

"E."

"Na saniyar, tsantsa?"

"E."

"Kai, Allah ya shirye ka! Kan jariri nawa yake? Da rabin kofin nan kaɗai ka kawo ka ce sauran ya zube, ai da ya isa aski har a kurɓa."

Na tashi na fita daga ɗakin. Ban taɓa jin na raina kaina irin na ranar ba.

Bayan 'yan kwanaki na tattara sauran mutuncina na je zauren Baba. Na ba shi haƙuri, kuma tun da asiri ya riga ya tonu, na ƙarasa tona shi da kaina. Na ce ni fa ba ƙin madara nake yi ba, ita ce ba ta zama a cikina, in na sha sai gudawa.

Ranar na fara ganin haƙoran surukina. Ya yi dariya har yana riƙe gwiwa. Ya ce, "Duk wannan wa'azin, ashe gudawa ce? Ai da ka faɗa. Bakari ƙanina ɗanyar madara ba ta zama a cikinsa, sai dai kindirmo kaɗan, kuma ba wanda ya kore shi daga Fulani."

(Wannan ya warware mini dalilin kurɓa biyu da Alhaji Bakari ya yi. Har yau yakan biyo ta shago, ya duba hagu da dama, ya karɓi gorar waken suya guda ya tura cikin babbar riga. Ya ce in na faɗa wa wani, ba shi ba ni. Ga shi na faɗa, hali zanen dutse.)

Baba ya ba jikansa karsana kamar yadda aka saba, 'yar jar saniyar nan. Makiyaya suka sa mata suna Kanumfari, kuma sunan ya bi ta. Amma dariya daban, yarda daban. Muka koma gidan jiya, ya ce "Jam na?" in ce "Jam." Sauran surukai na kai gishiri ruga, ni ina kallo. Na daina wa'azi. Ina shan waken suyana a gida don shi cikina ke karɓa, Dija da Abubakar suna shan nononsu, kowa da kofinsa. Na taɓa ɗanɗana wa yaron tawa a cokali, ya fesa mini a fuska.

Da Dija ta sake haihuwa, mace, ana gobe suna na je gaisuwa ban sa rai da komai ba. Na durƙusa, muka yi jam-jam ɗinmu, na yunƙura zan tashi. Sai na ji ƙarar roba a kan tabarma. Farar jarkar nan ce, ita dai, ya turo ta gabana.

Ya ce, "Kai tsaye." Ya ɗan dube ni ta gefen ido. "Ban da hoto."

Na bar waya a gida. Na ɗauki ɗan acaɓa ya tuƙa, ni na zauna a baya na rungume jarka a ƙirji tun daga ruga har ƙofar gidan, da muka zo mararrabar Yelwa na kau da kai. Da ƙwarya ta zagayo, Baba ya kurɓa ya yi addu'a, ya miƙa wa Alhaji Bakari. Shi kuma ya ɗan taɓa da leɓe ya ce, "Bana kam saniya ba ta shiga gonar kowa ba." Rumfa ta kwashe da dariya, har da mahaifina. Da ƙwaryar ta iso kaina na kurɓa sosai, na san abin da zai biyo baya, kuma ya biyo, na yini ina sintiri ban yi nadama ba.

Abin da na koya dai ba shi da yawa. Madarar shanu da ta wake, kowa ya sha wadda cikinsa ya yarda da ita, ba sai ya hau mumbari ba. Sannan in ka yi abin kunya ka ga dattawa sun yi shiru suna gyaɗa kai, kada ka ɗauka wayonka ne ya yi aiki. Rufa maka asiri ake yi, sai ka taya su da rufe baki.